Jakar ruwa a saifar yaro: yadda ake gano nau'inta da yadda ake cire ta a bar saifar

Tambaya: 'Yata shekararta 9. Wata uku ke nan tana kukan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu, kuma da ta ɗan taɓa abinci sai ta ce ta ƙoshi. An yi mata sikan, aka ce akwai jakar ruwa mai faɗin santimita 8 a saman saifarta. Wani likita ya ce a zuƙe ruwan da allura, wani kuma ya ce sai dai a cire saifar gaba ɗaya. Ciwon daji ne? Wace shawara za mu bi?

Amsa: Baiwar Allah, sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai: jakar ruwa a saifar yaro kusan ko da yaushe ba ciwon daji ba ce. Shawarwarin biyu kuwa, a ganina kowacce da gyara a cikinta. Zuƙe ruwa ba ya warkarwa, kuma akwai irin jakar da soka mata allura kan iya jawo asarar rai. Cire saifa ɗungurungum yana kawar da jakar, amma yana barin yaro da raunin garkuwar jiki har tsufansa. Akwai hanya ta uku, wato a yanke ɓangaren da jakar take a bar sauran saifar, kuma jakar da ta zauna a gefe guda kamar ta 'yarki ita ce ta fi karɓar wannan aiki. Sai dai kafin a kai ga wuƙa, tilas a san wace irin jaka ce.

Tun 1958 likitoci ke bin rabon da wani likita mai suna Martin ya yi: jakar da ke da tantani mai rai a bangonta na ciki, da wadda ba ta da shi. Marar tantanin yawanci tsohon jini ne da ya taru bayan bugu ko faɗuwa, ko wani yanki na saifa da ya mutu ya narke. Mai tantanin kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake haihuwar yaro da tushenta: tun yana ciki wasu ƙwayoyin fatar saifa suka maƙale a cikin namanta, suna ta tsatso ruwa a hankali har shekaru su ja jakar ta girma. Ita ce aka fi samu ga yara da matasa. Idan aka buɗe ta, ruwan rawaya ne ko ruwan ƙasa, bangon cikin kuma fari ne mai zara-zaran igiyoyi. Ki riƙe wannan magana, don duk sauran bayanin a kanta ya rataya: ruwan ba shi ne ciwon ba, tantanin da ke samar da shi ne ciwon.

Ɗaya nau'in ita ce jakar tsila, wadda ake kira haidatid. Tsutsar Echinococcus granulosus tana zaune a hanjin kare, ƙwanta na fita cikin kashinsa, tumaki da sauran dabbobin kiwo su haɗiye shi a ciyawa, kare kuma ya sake kamuwa idan ya ci kayan cikin dabbar. Yaro na shiga wannan zagaye ne ta hannun da ya shafa kare ko ta ruwa da abincin da suka gurɓata. Kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan jaka a hanta suke zama, kusan kashi 20 a huhu, saifa ɗan kaɗan take samu. Amma a yankunan kiwo da cutar ta yi katutu, kamar ƙasashen bakin Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya, tsakiyar Asiya, gabashi da arewacin Afirka da kudancin Amurka ta Kudu, ita ake fara zargi. Dalilin tsoronta biyu ne. Ruwanta idan ya zube cikin ciki yana iya tayar da mummunan borin jini, matsin jini ya faɗi, numfashi ya sarƙe cikin mintuna. Sannan a cikin ruwan akwai dubban 'ya'yan tsutsa, kowanne na iya zama sabuwar jaka a duk inda ya sauka. Shi ya sa doka ta farko ita ce kada allura ta taɓa jakar saifa sai an kawar da zargin tsila.

Ta yaya ake kawar da shi? Da tambaya tukuna: akwai karnuka a inda yarinyar ke zaune, ana kiwo, ta taɓa zama a yankin da cutar take? Ta taɓa faɗuwa daga keke ko an buge ta a ciki, ko da shekara biyu baya? Tana da sikila? Sai a koma kan sikan, wanda shi ne gwajin farko kuma ba shi da illa. Jakar haihuwa tana fitowa zagayayya, ɗaki ɗaya, baƙa wuluk ko da ɗan ƙura-ƙura a ciki, wadda ƙwayoyin kitse ne ke yawo a ruwan. Ta tsila kuwa takan nuna ƙananan jakunkuna a cikin babbar kamar saƙar zuma, ko bango mai ninki biyu, ko wani tantani da ya saki yana lilo a ruwa. Matsalar ita ce sabuwar jakar tsila na iya fitowa sumul kamar ta haihuwa. Don haka ana haɗawa da gwajin jini na neman alamar tsutsar, a duba hanta a wannan sikan ɗin, a ɗauki hoton ƙirji. Gwajin jinin idan ya nuna akwai, ya taimaka. Idan ya nuna babu, bai wanke jakar sarai ba, domin jakar da ba ta taɓa tsagewa ba takan ɓoye wa garkuwar jiki. Likita mai hankali yana haɗa tarihi da hoto da jini, in shakka ta rage sai ya yi aikin kamar tsila ce.

Bayan sikan ana buƙatar hoton CT da allurar da ke haska jijiyoyi, ko MRI idan akwai, don MRI ba ya jefa wa yaro tururin haske mai illa. Ba don a sake tabbatar da jakar ake yin sa ba. Tambayoyi uku likitan tiyata ke nema a ciki. Shin jakar daga saifa ta fito, ko daga wutsiyar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ko ƙodar hagu, ko bangon tumbi? Waɗannan duk maƙwabta ne, kuma babbar jaka takan rikita mai sikan. Shin ta kai ƙofar saifa, wato inda manyan jijiyoyin jini ke shiga da fita? Kuma lafiyayyen naman saifa nawa ya rage, a wane gefe? Hoton kuma yana rarrabe ta da wasu abubuwan da ke kama da ita: tarin mugunya, wanda ke zuwa da zazzaɓi, da ƙullin jijiyoyin jini, wanda ke shan allurar hasken, da ƙullin hanyoyin ruwan jiki mai ɗakuna da yawa.

Akwai wani gwajin jini da ke tayar wa iyaye hankali a banza. Sunansa CA 19-9, wani lokaci a haɗa da CEA. Ga manya ana amfani da su wajen bibiyar wasu cututtukan daji, amma tantanin jakar haihuwa shi ma yana samar da su, har lambar ta ninka ta ƙa'ida sau da yawa alhali babu daji ko kaɗan. In kin ga ta hau a takardar 'yarki kada gabanki ya faɗi. Amfaninta ɗaya, bayan aiki takan sauko, in ta sake hawa sai a duba ko jakar ta dawo.

Ba kowace jaka ake yi wa aiki ba. Wadda ba ta kai santimita 5 ba kuma ba ta damun yaro, ana barinta a riƙa sikan duk wata 6 zuwa shekara, kuma ƙananan da ake gani tun jariri na ciki sau da yawa da kansu suke ɓacewa. Wannan iyaka ta santimita 5 al'adar likitoci ce fiye da tabbatacciyar doka, har wasu na sa ido ga wadda ta fi haka in babu ciwo. Ta 'yarki dai ta wuce wannan muhawara: santimita 8 ce, tana ciwo, tana danne tumbi har abinci ya gagara. Irin wannan ba ta komawa da kanta, kuma tana iya fashewa da ɗan bugu, ko jini ya zuba a cikinta, ko ƙwayoyin cuta su shige ta. Aikin ba na gaggawa ba ne, akwai lokacin shiri na makonni, amma a wannan tsakanin ta bar ƙwallo, kokawa, hawan keke da duk wasan da za a iya bugun cikinta. Ciwo mai tsanani farat ɗaya, ciwon kafaɗar hagu, jiri, fari fat a ido da tafin hannu, zazzaɓi, ko borin jini da sarƙewar numfashi, kowanne daga cikinsu asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Yanzu ga zuƙewa da allura. A ranar sai ka ce an yi maganin abin: ciki ya sace, ciwo ya tafi. Amma tantanin yana nan, cikin makonni ko 'yan watanni jakar ta cika. An gwada zuba barasar asibiti mai ƙarfi ko maganin doksisaikilin a ciki don a ƙone tantanin, sau da yawa sai an maimaita, kuma ga babbar jaka dawowa ta fi warkewa yawa. Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne kowace suka tana barin kumburi, saifa ta manne da bangon ciki da tantanin numfashi, wato shimfiɗar naman da ta raba ƙirji da ciki, aikin da za a yi daga baya ya ƙara wuya, damar ceton saifar ta ragu. Wurin allura shi ne yaron da wata lalura ta hana a sa shi barci, ko jakar da ta yi mugunya ake son a rage ta tukuna.

Wata hanyar kuma ita ce yanke rufin jaka ta aikin kyamara: a cire bangon da ya fito fili, a bar gindin da ke manne da naman saifa. Aiki ne mai sauƙi, jini kaɗan, yaro ya koma gida da wuri, shi ya sa aka yi ta yayinsa. Da aka bi yaran na shekaru sai aka ga a wasu rahotanni fiye da rabinsu jakar ta dawo. Dalili a bayyane yake: gindin da aka bari tantani ne mai rai, bakin ramin kuma yakan manne da wata gaɓa ya rufe, ruwa ya sake taruwa. Jakar sama ta fi kowacce yin haka, domin tana kwance ne a ƙarƙashin tantanin numfashi, shi kuma nan da nan yake zama mata sabon rufi. Ana rage dawowar ta hanyar yanke bangon har gaɓar naman saifa, a ƙone abin da ya rage da na'urar ƙona nama mai aiki da iskar agon, a cusa kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe hanji cikin ramin don ya riƙa shanye ruwa. Ga jaka mai siririn bango da ta fito gaba sosai, ko marar tantani, wannan hanya ba ta da laifi. Ga ta 'yarki ba ita zan sa gaba ba.

Yanke ɓangaren saifa ya yiwu ne saboda yadda Allah ya tsara jijiyoyinta. Babbar jijiyar da ke kawo jini tana rabuwa a ƙofar saifa zuwa reshen sama da na ƙasa, kowanne ya sake rassa, kuma kowane reshe yankinsa yake shayarwa, ba su cika haɗuwa a ciki ba. In aka ɗaure reshe ɗaya, yankinsa kaɗai ke mutuwa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana tanadar jini daidai da nata kafin a fara. Yarinya mai kilo 28 jinin jikinta duka bai wuce lita 2 ba, don haka zubar mililita 300 ya kai kashi 15 cikin 100, ba abin wasa ba ne. Bayan ta yi barci ana zura roba ta hanci a sace iskar tumbi, a kwantar da ita a gefen dama a ɗan karkace, yadda hanji zai zame ya ba da wuri. Ana huda cibiya a sa kyamara, a ƙara ramuka biyu ko uku na milimita 5 a ƙarƙashin haƙarƙari, a hura iska a ciki da matsin da bai wuce 8 zuwa 12 ba a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Idan an riga an kawar da zargin tsila, sai a zuƙe ruwan jakar ana kallo don a sami filin aiki, a aika shi ɗakin gwaji. Daga nan a saki saifa daga hanji da bangon ciki, a yanke ƙananan jijiyoyin da ke tsakanin saman tumbi da saman saifa. Waɗannan gajeru ne ƙwarai, wanda ya yi gaggawa da wuta a nan yakan ƙone bangon tumbi, ya huje bayan kwana biyu ko uku. Da yawan likitoci suna zagaya zare a babbar jijiyar tun da wuri, don in jini ya ɓalle a ja a tsayar da shi.

Sai a zo kan ƙofar saifa, inda aikin yake. Ana nemo rassan da ke zuwa sama, a matse su na ɗan lokaci a gani. Cikin mintuna saman saifa zai yi duhu, ƙasan ya tsaya ja, layi ya fito tsakaninsu ƙarara. In layin ya haɗiye jakar duka kuma ya bar isasshen nama, sai a ɗaure a yanke. Mai kawo jini ake fara ɗaurewa kafin mai mayarwa. In aka juya, yankin zai kumbura da jini ya yi ta tsiyaya. Ana yanka kamar santimita 1 a cikin ɓangaren da ya yi duhu, ba a kan layin ba, don a can jini kaɗan ne. Fuskar yankan a tsayar da jininta da wuta, da gam na jini ko audugar da ke narkewa, wani lokaci da ɗinki. Abin da aka cire a sa shi a jakar roba a fitar ta cibiya. Burin shi ne a bar aƙalla kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na saifar da ta dace da shekarun yaron, kuma da jijiyarta mai kyau, domin guntun da jini bai ishe shi ba suna kawai ya tara. In guntun na reto a kan jijiya ɗaya ana ɗinke shi da bangon ciki don kada ya murɗe.

Wutsiyar fankiriyas tana kwance dab da ƙofar saifa, sau da yawa ma tana taɓa ta. In aka ƙuje ta, ruwanta mai narkar da abinci zai riƙa zuba, yaro ya yi zazzaɓi da ciwo da amai. Shi ya sa wasu ke barin robar fitar da ruwa na kwana ɗaya ko biyu, su auna amilas, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa, a cikin abin da ya fito. Kuma in an koma buɗe ciki a tsakiyar aikin kyamara, ba gazawa ba ce. Guntun saifa mai rai ya fi ƙaramin tabo daraja.

In ta tabbata tsila ce, tsarin ya sauya. Ana fara albendazol, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo a rana, a raba biyu, tun kwanaki ko makonni kafin aiki, a ci gaba aƙalla wata guda bayansa, ana duba hanta da fararen ƙwayoyin jini. A lokacin aiki ana kewaye jakar da ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana ƙoƙarin fitar da ita ba tare da ta fashe ba, mai sa barci kuma yana riƙe da adirenalin, allurar ceto daga mummunan borin jini, a kusa. A nan an fi yawan cire saifa duka, ko da yake ga yara ana ceton ta idan jakar na gefe.

Cire saifa gaba ɗaya yana da wurinsa: jakar da ta mamaye ƙofar saifa, jakunkuna da yawa a warwatse, wadda ta cinye naman har babu abin bari, ko jinin da ya ƙi tsayawa. Tsohon aiki ne, tun 1867 likitan tiyata Jules Péan ya yi shi a Faransa ga wata budurwa mai jakar saifa, kuma kusan shekara ɗari ana ɗaukar saifa gaɓar da ba a rasa komai in babu ita. A 1952 likitoci biyu, King da Shumacker, a Amurka suka ba da rahoton jariran da suka kamu da mummunar cutar jini bayan an cire musu ita, daga nan tunani ya sauya. Saifa ce ke tace ƙwayoyin cuta masu kwanso, irin masu kawo nimoniya da sanƙarau. In babu ita, zazzaɓin safe na iya zama suma kafin dare, kuma cikin waɗanda abin ya kai su haka har kusan rabi na iya rasuwa. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 5 da kuma shekara biyun farko bayan aiki, amma ba ya ƙarewa. Zazzaɓin cizon sauro ma ya fi tsanani ga marar saifa, haka cizon kare.

Saboda haka, ko da ɓangare aka yi niyyar cirewa, a yi mata rigakafi kamar za a cire duka, don ba a san abin da za a tarar ba. Allurai uku ne: ta nimokokas mai kawo nimoniya, ta sanƙarau, da ta Hib, wata ƙwayar cutar mai kwanso, aƙalla mako biyu kafin aiki. In gaggawa ta hana, sai mako biyu bayansa. Idan aka cire duka, za ta riƙa shan penisilin kullum, miligiram 250 sau biyu a rana a shekarunta, ƙananan yara kuma 125. Tsawon lokacin ya bambanta, wasu ƙasashe shekara ɗaya ko biyu, wasu har yaro ya kai 16. Zazzaɓin da ya kai 38.5 kuwa asibiti ne nan take a yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ba a tsaya jiran sakamakon gwaji ba.

Bayan yanke ɓangare, yawanci kwana 3 zuwa 5 ake yi a asibiti. Ɗan zazzaɓi a kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, siririn naman da aka bari a bakin yanka ne ke narkewa, amma a duba huhun hagu, don ruwa kan taru a ƙarƙashinsa kuma ciwo na hana yaro jan numfashi sosai. A tashe ta ta taka tun washegari, a ba ta balan-balan ta riƙa hurawa. Ƙwayoyin daskarar da jini sukan hau, su kai ƙololuwa tsakanin mako ɗaya zuwa uku. In sun haura miliyan ɗaya wasu likitoci na ba da asfirin kaɗan. Ciwon ciki da amai da suka taso bayan an koma gida a wannan tsakanin na iya zama gudan jini a jijiyar da ke zuwa hanta, sikan mai duba gudun jini ne ke nuna shi. Wasan guje-guje da karo sai bayan mako 6. Ana sake sikan bayan wata guda, wata 6 da shekara, a ga guntun na samun jini kuma jaka ba ta dawo ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na shafa jini a gilashi: in an ga ɗigon da ake kira Howell-Jolly a cikin jajayen ƙwayoyi, guntun ba ya tacewa yadda ya kamata, sai a ɗauke ta kamar marar saifa.

Ki nemi a tura ku wurin likitan tiyatar yara da ya saba yanke ɓangaren saifa, ki tafi da hoton kansa, ba takardar bayani kaɗai ba. Ki tambaye shi ko an kawar da zargin tsila, ko jakar ta kai ƙofar saifa, kashi nawa yake sa ran bari, da abin da zai sa ya cire duka a tsakiyar aiki. Bayan an gama kuma ki karɓi sakamakon gwajin naman da aka cire ki adana, domin shi ne zai faɗi ainihin nau'in jakar, kuma duk likitan da zai ga yarinyar nan gaba zai nemi sanin saifa nawa aka bar mata.